Yadda matafiya a Amurka ke jan ɗakin kwana da babur mai ƙafa uku, da haɗarin da ke tattare da hakan

A duk watan Agusta, ƙaramin garin Sturgis da ke jihar Dakota ta Kudu a Amurka kan cika ya batse da masu babura. Mazauna garin kusan dubu bakwai ne kacal, amma baƙi dubu ɗaruruwa ke tururuwa zuwa taron masu babura da aka faro a can tun shekarar 1938. Otal-otal ba sa isa, waɗanda ake samu kuma kuɗinsu kan yi tashin gwauron zabi, shi ya sa da yawa ke tahowa da wurin kwanansu.

Wanda ya tsaya a bakin babbar hanyar da ta ratsa gefen garin zai riƙa ganin dattijo da matarsa a kan ƙaton babur mai ƙafa uku, a bayansu kuma ga wata 'yar ƙaramar tirela mai taya biyu, kamar babban akwati. Idan suka isa masauki sai su ɗaga murfinta, cikin 'yan mintuna ta koma tanti mai gadon mutum biyu.

Abin gwanin ban sha'awa ne, kuma yana rage kashe kuɗi. Sai dai akwai inda yake yaudarar mutane. Injin irin waɗannan babura yana da ƙarfin da ba ya ma jin akwai wani abu a baya, don haka mahayi kan manta da tirelar har sai ranar da ya buƙaci tsayawa cikin gaggawa. A ranar ne birki da tayoyi ke biyan bashin nauyin da injin bai nuna ya ji ba.

Ba irin Keke Napep ɗinmu ba ne

Idan aka ce babur mai ƙafa uku, abin da ke zuwa ran mai karatu a Kano ko Kaduna shi ne Adaidaita Sahu ko Keke Napep, wanda injinsa yawanci kimanin cc 200 ne. Na Amurka na yawon shaƙatawa ne, injin wasunsu ya kai cc 1,800, wato ya fi na ƙananan motoci da dama, kuma suna gudun kilomita 110 zuwa 120 a sa'a a manyan hanyoyi ba tare da wahala ba.

Kala biyu ne. Akwai mai taya ɗaya a gaba da biyu a baya, kamar Tri Glide da kamfanin Harley-Davidson ya fito da shi a 2009, da kuma baburan Honda Gold Wing da wasu ƙananan kamfanoni ke cire musu tayar baya su sa musu guda biyu. Akwai kuma mai taya biyu a gaba da ɗaya a baya, wato Can-Am Spyder na kamfanin BRP da ke lardin Kebek a Kanada, wanda ya shigo kasuwa a 2007.

Yawancin masu sayen su manya ne. Wani binciken ƙungiyar masana'antun babura ta Amurka na 2018 ya nuna cewa tsaka-tsakin shekarun mai babur a ƙasar ya kai 50. Idan gwiwa ta fara ciwo, ko mutum ya ga ba zai iya tallabe babur mai nauyin kusan kilo 400 a wurin tsayawa ba, sai ya koma mai ƙafa uku, wanda ba ya faɗuwa idan an tsaya.

Ita kuwa tirelar, ƙananan kamfanoni irin su Time Out da Kompact Kamp a Amurka da Lees-ure Lite a Kanada ne ke ƙera ta. Nauyinta ba tare da kaya ba yakan kama daga kilo 110 zuwa 180. Idan aka zuba katifa da risho da tukwane da kujeru da kular ƙanƙara, abu ne mai sauƙi ta haura kilo 200.

Abin da kamfanonin babura suka ce

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, littafin bayanin da Harley-Davidson ke bai wa masu sayen baburansa ya yi gargaɗi ƙarara cewa kada a ja tirela da su, domin hakan na iya ɗora wa taya nauyin da ya fi ƙarfinta, ya rage ƙarfin birki, ya kuma dagula sarrafa babur. Honda ma haka ta faɗa a littafin Gold Wing. Ma'ana, duk wanda ya ɗaura wa waɗannan babura tirela, ya yi ne bisa raɗin kansa, kuma kamfani na iya ƙin ɗaukar nauyin gyaran da ya samo asali daga hakan.

BRP ne ya bi wata hanyar. Ya ƙera samfurin Spyder RT da niyyar ya ja tirela, har ya yi masa tasa tirelar ta kaya, sannan ya sa iyaka: kada nauyin tirela da kayanta ya wuce kimanin kilo 180, kada kuma nauyin da take dannawa a bayan babur ya wuce kilo 18. Wannan iyaka ta nuna girman lamarin, domin wasu tirelolin kwana tun kafin a sa musu ko cokali ɗaya sun riga sun kai ta.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a tashi

Kowane babur yana da wata 'yar takarda ko faranti a jikin ƙarfensa da ke nuna iyakar nauyin da aka yarda ya ɗauka gaba ɗaya, wato shi kansa da mai da mutane da kaya. Daga nan lissafi ke farawa.

A ɗauka babur yana da nauyin kilo 560, kamfani kuma ya ƙayyade masa kilo 770. Saura kilo 210 ke nan. Miji mai kilo 95 da mata mai kilo 75 sun cinye 170. Ƙarfen da aka ɗaura a baya don maƙala tirela ya ci kamar kilo 10. Nauyin da tirela ke dannawa a kan wannan ƙarfe ya ci 25. Abin da ya rage wa akwatin babur ɗin kansa kilo biyar ne kawai, alhali mutane kan cusa masa rigunan ruwa da kayan gyara da ruwan sha.

Ƙiyasi da ido ba ya aiki a nan, domin kusan kowa yana raina nauyin kayansa. A Amurka akwai sikelin awon manyan motoci a tashoshin da direbobin tirela ke yada zango, kuma da ɗan kuɗi kaɗan mai babur zai hau ya auna babur daban, tirela daban, bayan ya gama lodi kamar yadda zai yi tafiyar. Tsofaffin matafiya da yawa kan bi ƙa'idar cewa kada tirela da kayanta ta wuce rabin nauyin babur, kuma duk abin da ya yi ƙasa da haka ya fi kwanciyar hankali.

Hancin tirela

Tirelar tana da wata doguwar sandar ƙarfe a gaba, wadda za a iya kira hancinta, ita ce ke hawa kan wani dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙwallo a bayan babur. Nauyin da hancin ke dannawa shi ne sirrin zaman tirela lafiya a kan hanya. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela da kayanta. Tirela mai kilo 200 ke nan tana buƙatar kilo 20 zuwa 30 a hanci.

Idan ya gaza haka, wato kaya sun rinjaya baya, tirela za ta fara rawa hagu da dama da zarar gudu ya ƙaru. Idan kuma ya yi yawa, wata matsalar ce ke tasowa. Ƙwallon da aka maƙala tirelar yana bayan tayoyin baya ne, don haka duk abin da ya danna shi ƙasa yana ɗaga gaban babur sama, kamar yadda tulin kaya a gindin amalanke ke ɗaga hannunta. A babur mai taya ɗaya a gaba, wannan tayar ce kaɗai ke juya shi, tana kuma cikin masu kama birki. Idan ta yi sakayau, sai mutum ya murɗa kan babur ya ga yana zarcewa gaba, musamman idan an yi ruwa.

Auna hanci ba ya buƙatar wata na'ura. Sikelin awon mutum na gida ya isa: a ɗora guntun katako a kansa yadda tsayinsa zai yi daidai da tsayin ƙwallon babur, a sauke hancin tirela a kai, a karanta. Idan bai kai ba sai a matso da kaya masu nauyi gaba, idan ya wuce a ja su baya kaɗan. Abin da ake so shi ne kusan kashi 60 na kayan su zauna gaban tayoyin tirela, masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, a ɗaure su yadda ba za su zame ba.

Akwai abin da ke sauya wannan lissafi a tsakiyar tafiya. Yawancin tirelolin suna da wurin ajiye kular ƙanƙara a kan hanci. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka kular da aka cika da safe tana ƙara wa hanci nauyi sosai, idan kuma aka shanye abin da ke ciki aka zubar da ruwan ƙanƙarar, sai hancin ya yi sauƙi. Tirelar da ta tafi lafiya da safe na iya fara rawa da la'asar.

Tsayawa ta fi ja wuya

Mafi yawan waɗannan ƙananan tireloli ba su da birkin kansu. A jihohin Amurka da dama doka ba ta tilasta sa wa tirela birki ba sai nauyinta ya kai kimanin kilo 1,360, wanda tirelar babur ba ta ko kusa da shi. Birkin babur ne ke nan zai tsayar da komai.

A koma ga misalin ɗazu. Babur da mutum biyu kilo 730, tirela kilo 200, jimilla 930. An ƙara fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da birki zai tsayar, kuma tazarar tsayawa za ta ƙaru da kusan hakan. Ga kuma batun gudu: idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata tana ninkuwa sau huɗu. Shi ya sa masu jan tirela ke barin tazarar aƙalla daƙiƙa huɗu zuwa biyar tsakaninsu da motar gabansu, su kuma fara rage gudu tun daga nesa.

A kwana ne lamarin ya fi tsanani. Babur mai ƙafa biyu yana kwantawa a kwana, shi kuwa mai ƙafa uku ba ya kwantawa. Da ƙarfin hannu ake juya shi, kuma nauyinsa yana ƙoƙarin fita waje. Idan mai taya biyu a baya ya shiga kwana da gudu, tayar da ke ɓangaren ciki na iya tashi daga ƙasa. To, idan mahayi ya taka birki a tsakiyar kwanar, tirelar da ba ta da birki za ta ci gaba da turo bayan babur, kuma ba a miƙe za ta turo shi ba, gefe za ta tunkuɗa shi. Maganin shi ne a gama rage gudu tun babur da tirela suna a miƙe, sannan a shiga kwana da ɗan totur yadda tirela za ta kasance ana jan ta.

Mutanen da suka shafe shekara talatin a kan babur mai ƙafa biyu su ne suka fi faɗawa wannan tarko, domin jikinsu ya saba da kwantawa a kwana. Saboda haka ne gidauniyar koyar da tuƙin babur ta Amurka, wato MSF, ta ware kwas na musamman ga masu ƙafa uku.

Gangara ma tana da nata. Hanyoyin da matafiyan ke so su ne na tsaunuka, irin su Beartooth da ke tsakanin jihohin Montana da Wayomin, wadda ta kai tsayin sama da mita 3,300. Wanda ya sauko daga irin wannan wuri yana danne da birki, birkin zai yi zafi har ya daina kamawa. Sai dai a sa ƙaramar giya injin ya riƙe babur, a riƙa kama birki da ɗan ƙarfi ana saki domin ya sha iska.

Idan tirela ta fara rawa

Iskar da babbar mota ke turowa idan ta wuce, ko iskar gefe a filayen da ba bishiya, na iya tayar da rawar tirela. Abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya taka birki da ƙarfi ko ya riƙa murɗa kan babur yana bin rawar, kuma duka biyun ƙara ta suke yi. Abin yi shi ne a riƙe kan babur a miƙe, a sassauta totur a hankali har gudu ya ragu rawar ta lafa, sannan a samu wuri mai kyau a tsaya. Rawar alama ce cewa akwai abin da ba daidai ba, ko lodi ya zame baya, ko iskar taya ta ragu, ko gudu ya yi yawa. Ci gaba da tafiya ba tare da an gano shi ba ganganci ne.

Ƙananan abubuwan da ke kawo babbar matsala

Ƙarfen da ake maƙala tirela a kai dole ya zama wanda aka ƙera wa wannan samfurin babur, a ɗaure shi a jikin babban ƙarfen babur. Girman ƙwallo da na bakin hancin tirela su zo ɗaya, a rufe makullin a zura masa fil. Sai sarƙoƙi biyu na ko-ta-kwana, waɗanda ake gicciya su a ƙarƙashin hanci, ta yadda idan ya kuɓuce zai faɗa a kansu maimakon ya caki kwalta. A bar musu sakin da zai isa a yi kwana, amma kada su riƙa jan ƙasa.

Wutar tirela ma ba a haɗa ta kai tsaye da wayar fitilar babur. Baburan zamani suna da kwamfutar da ke lura da wutarsu, kuma ƙarin fitilu na iya rikita ta. Idan wayar tirela ta haɗu da ƙarfe, za ta iya kashe fitilar birkin babur gaba ɗaya cikin dare. Akwai wata 'yar na'ura da ake sawa a tsakani, wadda ke ɗebo wuta daga batir ta bi ta nata fiyus, ta bar wayoyin babur lafiya.

Tayoyin tirela ƙanana ne, wasu faɗinsu bai wuce santimita 41 ba. A gudun kilomita 100 a sa'a, irin wannan taya tana juyawa kusan sau 1,300 a minti ɗaya, alhali tayar ƙaramar mota tana yin kimanin 850. Boris ɗinta ke nan yana shan wahala fiye da na mota. Shi ya sa ake sake masa giris duk shekara, kuma a duk inda aka tsaya shan mai ake kai hannu kusa da cibiyar tayar a ji. Ɗumi ba komai ba ne, amma zafin da hannu ba zai iya jurewa ba alama ce ta boris na shirin ƙonewa.

Haka kuma tirelar kwana kan shafe watanni a ajiye, don haka tayarta kan tsufa tun zanenta bai cinye ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Idan aka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Wannan lambar ce jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ke yawan jan hankalin direbobi su duba.

Sai batun ramuka. Babur mai ƙafa biyu sawu ɗaya yake bi, mai ƙafa uku sawu uku, idan aka ƙara tirela ana iya samun biyar. Ramin da tayar gaba ta kauce wa, wata tayar za ta faɗa. Rage gudu ya fi ƙoƙarin kaucewa cikin gaggawa. Ribas kuwa, gajeriyar tirela tana saurin lanƙwashewa ta bugi bayan babur, shi ya sa da yawa ke kwance ta su tura da hannu.

Doka da masauki

Dokokin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, musamman kan rajista da lambar tirela. A Kalifoniya, duk abin hawan da ke jan tirela ba a yarda ya wuce mil 55 a sa'a ba, wato kimanin kilomita 88, ko da sauran motoci suna da izinin wuce haka. Inshora ma sai an tambaya, domin ba kowace ce ke ɗaukar asarar tirela da kayan cikinta ba. Mai kuma babur ya fi sha idan yana jan kaya, tankin Tri Glide kusan lita 23 ne, kuma a yammacin Amurka akan yi doguwar tafiya ba a ga gidan mai ba.

Idan an isa masauki, a sa wa tayoyin tirela waigi kafin a kwance ta, domin a ɗan gangare kilo 200 ya fi ƙarfin hannun mutum ɗaya. Kada a kunna risho ko gawayi ko janareto a cikin tanti ko a bakin ƙofarsa. Iskar gubar da ke fita daga cikinsu ba ta da wari, ita ce wadda ake yawan jin ta hallaka iyalai a Najeriya idan aka kwana da janareto a cikin gida.

Inda lamarin ya shafe mu

Ba a jan ɗakin kwana da babur a arewacin Najeriya ko Nijar, amma kullum ana ganin babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya ya sha lodin ruwan leda ko buhunan hatsi ko siminti, ko Keke Napep da aka ɗora wa rodi da katako suna leƙowa ta baya. Dukkansu taya ɗaya ce a gaba ke juya su. Idan kaya suka rinjaya bayan tayoyin baya, gaban zai yi sakayau. Idan aka tula su sama, kwana ɗaya ta isa ta kifar da shi. Idan nauyi ya ninka abin da kamfani ya ƙayyade, birkin da aka yi don fasinja uku ba zai tsayar da shi a inda direba ke tsammani ba.

Wata al'ada ta matafiyan Amurka za ta yi wa direbobinmu amfani. Kafin doguwar tafiya, sukan yi lodi cif kamar yadda za su tafi, su nemi fili ko titin da ba kowa, su gwada taka birki a gudun kilomita 30, sannan 50, su ga inda babur ya tsaya. Bayan sun kama hanya kuma, sukan tsaya bayan kilomita 20 ko 30 na farko su zagaya, su taɓa noti da igiya da taya, domin a wannan ɗan tsakanin ne abin da bai ɗauru da kyau ba yake nuna kansa.